Daga mudun kasuwar Mahuta zuwa batirin waya: yaushe lamba ke zama awo na gaskiya?

Idan kaka ta yi a Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai da ke masarautar Zuru a jihar Kebbi, manomi kan ɗaure buhun dawa ko masara a bayan babur ya nufi kasuwa. Farashin mudu ba ya ɓuya, tun a hanya ya ji shi. Gardamar takan tashi ne bayan an kwance bakin buhu. Mai awo ya cika mudu har ya yi tozo, ya tare gefe da hannu don kada ƙwaya ta zube, sannan ya juye. Manomi ya ce a shafe baki. Mai awo ya ce ai haka ake awo. Wanda zai sayi hatsin nan gobe don tuwon dare kuwa, mai yiwuwa da wani mudun za a auna masa, wanda aka bubbuga wa gindi har cikinsa ya ragu. Wannan ba a Mahuta kaɗai ake gani ba, labarin kasuwannin hatsi ne a duk faɗin Arewa. Su ukun duk “mudu ɗaya” suka ce, amma hatsin da ya shiga hannun kowa daban ne.

A aljihun manomin nan akwai waya. Tana nuna masa batir ya rage kashi 43 cikin 100, sabis sanda uku, zafin gari digiri 34. Yana gardama da mai awo, amma bai taɓa gardama da wayar ba. Alhali tambayar da ya kamata a yi wa mudu ita ce ya kamata a yi wa wayar: me ya bai wa wannan lambar ikon tsayawa a madadin abin da ake magana a kai? Masana lissafi sun shafe fiye da shekara ɗari kan wannan tambaya, kuma amsarsu tana da amfani ga mai sayar da hatsi, da mai sayen waya, da mai rubuta manhaja.

Sharuɗɗa uku kafin a ce an auna

A ɗauko kara daga gonar dawa, dogaye da gajeru, a ajiye tef da rula a gefe tukuna. Akwai abubuwa uku da za a iya tabbatarwa da ido da hannu kawai.

Na farko shi ne jeri. Duk kara biyun da aka gwada, ko dai ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko kuma sun yi daidai. Idan na farko ya fi na biyu, na biyu ya fi na uku, to dole na farko ya fi na uku.

Na biyu shi ne haɗi. Idan aka jera kara biyu baki da baki, sun ba da wani sabon tsawo, kuma babu ruwan wannan tsawon da wanda aka fara ajiyewa.

Na uku shi ne babu karan da ya fi ƙarfin awo. Komai ƙanƙantar guntun kara, idan aka yi ta maimaita shi, zai kai ya wuce dogon. Ana danganta wannan ƙa'ida ga Archimedes, masanin lissafin tsohuwar Girka.

A 1887 masanin kimiyyar Jamus Hermann von Helmholtz ya rubuta maƙala kan bambancin ƙirga da awo, inda ya nemi sanin sharuɗɗan da ke halatta a saka wa abu lamba. A 1901 wani Bajamushen, Otto Hölder, ya tabbatar da magana biyu ta hanyar lissafi. Ta farko: idan abubuwa suka cika irin waɗannan sharuɗɗa, za a iya bai wa kowanne lamba ta yadda wanda ya fi tsawo zai fi lamba, kuma lambar haɗin kara biyu za ta zama jimlar lambobinsu. Ta biyu: zaɓi ɗaya tak ya rage wa mai awo, wato wane kara zai kira “ɗaya”. Da ya zaɓa, sauran lambobin duk sun tsayu. Shi ya sa komawa daga ƙafa zuwa mita, ko daga kamu zuwa gaba idan an tsayar da tsawonsu, ninkawa ɗaya kawai yake buƙata.

Wannan tunani ne David Krantz da Duncan Luce da Patrick Suppes da Amos Tversky suka faɗaɗa a littafinsu Foundations of Measurement, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1971. A taƙaice, awo shi ne a sa lambobi su kwaikwayi abubuwa. Duk abin da yake gaskiya tsakanin karan nan, dole ya zama gaskiya tsakanin lambobinsu. Inda kwaikwayon ya tsaya, nan amfanin lambar ya tsaya.

Inda mudu ke tuntuɓe

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. A auni mudu ɗaya na wake, a auni mudu ɗaya na gero, a cakuɗa su, a sake aunawa. Ba za a samu mudu biyu cif ba, domin ƙwayoyin gero sun shige cikin gurabun da ke tsakanin wake. Sharaɗi na biyu ya karye: ɗaya da ɗaya ba su ba da biyu ba. Amma da kilo ɗaya na wake da kilo ɗaya na gero aka cakuɗa aka ɗora a sikeli, kilo biyu za a gani.

Dalili shi ne mudu yana auna gurbi ne, hatsi da iskar da ke tsakaninsa gaba ɗaya. Idan aka girgiza shi, ƙwayar ta zauna, sai ya nemi ƙari. Idan aka bar masa tozo, ya ɗauki fiye da cikinsa. A ce tozo da tarin hannu suna ƙara kashi ɗaya cikin ashirin a kowane awo. Ke nan a duk mudu ashirin, manomi ya ba da ɗaya kyauta ba tare da ya ga inda ya bi ba. Buhu ma haka ne: suna ne na mazubi, kuma mazubin ya bambanta da girmansa da yadda aka ɗinke bakinsa. Shi ya sa kwatanta farashin buhu a Mahuta da na kasuwar Dawanau a Kano ba ya gaya wa mutum komai sai ya san nauyin kowanne.

Sai dai sikeli ma bai raba gardama duka ba, domin sabon hatsi yana ɗauke da ruwa. A ce masara kilo 100 tana da danshi kashi 20 cikin 100. Ainihin busasshen abin da ke ciki kilo 80 ne. Idan ta bushe zuwa kashi 13, wanda shi ne kusan matakin da ake so kafin ajiya, nauyinta zai koma kusan kilo 92. Ɗan kasuwan da ya saye ta ɗanya ya biya kuɗin ruwa kilo takwas. Sikelin bai yi ƙarya ba, ba a dai faɗi abin da ake aunawa ba: masara ce, ko masara da ruwa?

Wannan ba ya nufin mudu aikin jahilci ne. Inda mai saye da mai sayarwa suka yarda da mudu guda da salon cikawa guda, yana aiki lafiya lau. Zakkar fidda kai ma da mazubi aka ƙayyade ta, sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu. Amurka har gobe tana faɗin farashin masara da wani tsohon mazubi mai suna bushel. Abin da suka yi kawai shi ne sun ɗaure shi da nauyi: bushel ɗin masara fam 56 ne, kusan kilo 25.4, a danshi kashi 15.5 cikin 100. Sunan na gargajiya ya zauna, gardamar tozo ta ƙare.

Lambobin waya ba jinsi ɗaya ba ne

Abubuwa da yawa ba sa cika sharuɗɗan nan uku, amma duk da haka ana saka musu lamba. A 1946 Stanley Smith Stevens na Jami'ar Harvard ya kasa irin waɗannan lambobi gida huɗu a mujallar Science, kuma dukkan huɗun suna cikin wayar da ke aljihun manomin Mahuta.

Akwai lambar suna kawai, kamar lambar waya ko ta NIN. Ba a tara su, ba a cewa wannan ta fi waccan.

Akwai lambar jeri, kamar sandunan sabis. Sanda huɗu ta fi biyu, amma ba ninkinta ba ce, kuma sanda uku a wayar Tecno ba lallai ta yi daidai da sanda uku a Samsung ba, domin kowane kamfani shi ke yanke inda sanda za ta ƙaru. A watan Yulin 2010, bayan ƙorafin masu iPhone 4, kamfanin Apple ya amsa cewa lissafin da yake amfani da shi wajen nuna sanduna kuskure ne, sau da yawa yana ƙara sanda biyu a kan abin da ya kamata. Mai son ainihin ƙarfin sabis a wayar Android sai ya shiga saituna, wajen bayanan waya da halin layi, ya duba lambar dBm. Ita ma da salonta: -80 ya fi -90 ƙarfi sau goma.

Akwai lambar tazara, kamar digirin zafi. Tazarar 20 zuwa 30 daidai take da ta 30 zuwa 40. Amma ba daidai ba ne a ce digiri 40 ya ninka digiri 20 zafi, domin sifilin wannan ma'auni zaɓa aka yi, wurin da ruwa ke ƙanƙara. A ma'aunin Fahrenheit lambobin biyu 104 ne da 68, ninkin ya ɓace. A ma'aunin kelvin, mai sifili na haƙiƙa, 313 ne da 293, bambancin bai wuce kashi 7 cikin 100 ba.

Sai lambar ninki, irin ta nauyi da tsawo da daƙiƙa da yawan data. Nan ne kaɗai sifili ke nufin babu, kuma “ninki biyu” ke da ma'ana.

Amfanin wannan rabo shi ne yana nuna lissafin da ya halatta a kan kowace lamba. Kwamfuta ba ta sani ba. Idan aka ce ta fitar da matsakaicin lambobin wayar mutanen gari, za ta fitar ba tare da ƙorafi ba. Aikin mai rubuta manhajar ne ya san amsar shirme ce.

Wa ke riƙe da babban mudu?

A koma kan magana ta biyu ta Hölder, cewa zaɓin “ɗaya” a hannun mutane yake. Tana da wani sakamako mai nauyi ga duk wanda ya sayi sikelin dijital.

A cikin irin wannan sikeli akwai guntun ƙarfe da ke ɗan lanƙwasawa idan an ɗora kaya. An manna masa siririyar waya wadda yadda take barin lantarki ya wuce ke canzawa gwargwadon lanƙwasawar. Ƙaramar kwamfutar da ke ciki ita ke ninka wannan canjin da wata lamba ta fitar da kilo. Ana iya gwada shi da sharuɗɗan kara: a auna ƙullin wake, a auna ƙullin gero, a auna su tare, a ga ko jimlar ta fito. A sauya musu wuri a kan farantin, a ga ko lambar ta tsaya. Sikelin da ya lalace zai faɗi wannan jarrabawa.

Amma sikelin da aka saita ya riƙa rage kashi 5 cikin 100 a kan komai zai ci jarrabawar tas. Kilo 10 zai nuna 9.5, kilo 20 zai nuna 19, haɗinsu ya nuna 28.5, lissafi ya tafi daidai. Bai karya ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan ba, “ɗayansa” kawai ya canza. Babu dabarar lissafin da za ta kama shi daga ciki. Sai an kawo wani nauyi da aka tabbatar daga waje an ɗora masa. Shi ma nauyin an gwada shi da wani, wanin da wani, har sarƙar ta kai tushe. A Najeriya, Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta tarayya ne doka ta ɗora wa duba sikelin kasuwanci da famfunan gidajen mai.

Tushen sarƙar ya faro ne ranar 20 ga Mayun 1875, lokacin da ƙasashe 17 suka sa hannu kan Yarjejeniyar Mita a birnin Faris. Daga 1889, kilo na duniya wani dunƙulen ƙarfen platinam da iridiyam ne mai tsayin milimita 39, a kulle a garin Sèvres kusa da Faris. Shi ne babban mudun duniya, kuma ya gamu da matsalar mudu. Da aka riƙa gwada shi da kwafe-kwafensa, sai aka ga cikin kusan shekara ɗari sun sha bamban da kimanin maikrogiram 50. Ba a iya cewa shi ya rame ko su suka ƙiba ba, tunda shi ne “ɗaya”.

Ranar 16 ga Nuwamban 2018 wakilan ƙasashe suka kaɗa ƙuri'a a Versailles, daga 20 ga Mayun 2019 kuma aka ɗaure kilo da wata tsayayyiyar lamba ta halitta mai sunan Max Planck. An riga an yi wa daƙiƙa da mita haka. Tun 1967 daƙiƙa ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ƙwayar zarrar sinadarin siziyam ke fitarwa. Tun 1983 mita ta dogara da gudun haske, mita 299,792,458 a daƙiƙa. Wannan ya shafi waya kai tsaye, domin GPS lokaci yake aunawa: tsawon lokacin da saƙon tauraron ɗan'adam ya ɗauka kafin ya iso. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa mutum mita 300 daga inda yake.

Lamba ba ta tafiya ita kaɗai

Ranar 23 ga Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter yana dab da shiga falakin duniyar Mars. Manhajar kamfanin Lockheed Martin tana fitar da ƙarfin turi da ma'aunin fam, ta NASA kuma tana karɓar lambar a matsayin niyutan. Bambancin ninki 4.45 ne. Lambar ta wuce daga wannan manhaja zuwa waccan, ma'auninta bai bi ta ba.

Irin wannan na faruwa kullum a shagon waya. Lambar mAh ita kaɗai ba ta faɗin yawan wutar da batir ya tara, sai an ninka ta da bolt. Batirin waya mai mAh 5,000 a bolt 3.7 yana da Wh 18.5. Na laftof mai mAh 5,000 a bolt 11.1 yana da Wh 55.5, ninki uku ke nan. Fawabank ɗin da aka rubuta wa mAh 20,000, a bolt 3.7 na ƙwayoyin cikinsa aka ƙirga, wato Wh 74. Idan yana fitar da wuta a bolt 5, iyakarsa mAh 14,800, kuma wani kaso zai tafi a zafi. Haka memori mai GB 64 kan nuna kusan 59.6 a kwamfuta mai Windows, domin kamfanin da dubu-dubu ya ƙirga, Windows kuma da 1,024. GB ɗinsu ɗaya ne a baki, kamar mudun mai awo da na manomi.

Sannan kowane awo yana da iyakar tabbacinsa. Sikelin da ke nuna 50.00 bai tabbatar da cewa ya san nauyin har zuwa giram goma ba, allonsa ne kawai ke da gurbin lamba huɗu. GPS ɗin waya a fili kan yi kuskuren kusan mita biyar. Idan aka zagaya gona mai mita 100 a kowane gefe da manhajar auna fili, kuma kowane gefe ya kauce da mita biyar, sakamakon zai iya faɗawa tsakanin murabba'in mita 9,025 da 11,025 maimakon 10,000. Don ƙiyasin taki da iri wannan ya wadatar. Don sayar da fuloti mai mita 20 a kowane gefe, irin wannan kaucewar na iya mayar da 400 ta koma 225. Kason batir ma ƙiyasi ne da wayar ke yi daga bolt da kuma wutar da ta shiga ta fita, shi ya sa tsohon batir kan mutu yana nuna kashi 20.

Abin da ya rage ga masu gina manhaja

Matasan Arewa da dama suna gina manhajojin farashin hatsi, da na lissafin shago, da na haɗa manomi da mai saye. Wanda ya buɗe gurbi a rumbun bayanansa ya sa masa suna “yawa”, ya bar mutum ya rubuta 40 ya wuce, ya gina gardamar kasuwa a cikin manhajarsa. Lambar tana buƙatar abokan tafiya: ma'auninta, da kasuwar da aka yi awon, da ko mudun da tozo ne ko a shafe, da ko hatsin sabo ne ko busasshe, da ranar da aka auna. Kuma tunda kilon da ke cikin mudun dawa ba shi ne na mudun shinkafa ba, kowane hatsi sai an auna nasa a sikelin da aka tabbatar, kasuwa bayan kasuwa. Aiki ne na ƙafa kafin ya zama na allon kwamfuta, kuma ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru suna kusa da kasuwannin da za a fara.

Shi kuwa manomin Mahuta ba ya buƙatar sanin Hölder kafin ya kare guminsa. Tambaya uku sun ishe shi, ko a gaban mai awo ko a gaban mai shagon waya: me ake aunawa, da wane ma'auni, kuma da me aka gwada ma'aunin? Idan ya auna buhunsa da nasa mudun tun a gida, ya kuma ɗora shi a sikelin da ya yarda da shi kafin ya hau babur, to ya shiga kasuwa da lambar da zai iya tsayawa a kanta.